Ƙarar Asuba Daga Garejin Ƙaramar Hukuma: Abin da Ya Faru a Layinmu a Arewacin Ingila

Ranar Asabar da la'asar dillali ya nuna mana gidan, kuma sai daga baya na gane dalilin zaɓen ranar. Layi ne na gidajen jan bulo manne da juna, irin na tsoffin garuruwan masaƙu a arewacin Ingila: falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Bayan kowane gida akwai 'yar farfajiyar da ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba, sai lungu, sai shingen katako, sai garejin ƙaramar hukuma. Na leƙa ta tagar sama na ga motoci a jere, ba motsin kowa. Muka biya kuɗin haya muka tare.

Litinin, biyar da rabi na asuba, muka san maƙwabcin da muka yi. Injina suka tashi ɗaya bayan ɗaya, sai ƙarar ribas, ƙit-ƙit-ƙit, daga mota uku ko huɗu a lokaci guda, sai wani ƙarfe ya faɗi kan siminti har tagarmu ta amsa. Uwargida ta juyo ta ce, "Abban yara, wai a tashar mota ka kama mana gida?"

Garejin aiki huɗu yake yi a fili ɗaya. Nan motocin kwasar shara suke kwana. Nan rumbun gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi saboda ƙanƙara yake, da motocinsa, da katafila mai cebur da ke yi musu lodi. Akwai shagon kanikawa mai ƙofar ƙarfe ta naɗewa. Sannan a jikin shingenmu, daidai ƙarƙashin tagogin kwananmu, an jera manyan kwandunan ƙarfe da ake juye tarkacen titi da kwalabe a ciki. Wata dattijuwa da ta haura shekara arba'in a layin ta ce mini da can wurin na masu kula da lambuna ne, injin yankan ciyawa kawai ake ji. Bayan 2010, da gwamnatin tsakiya ta tsuke bakin aljihu ga ƙananan hukumomi, sai tamu ta rufe wani garejinta ta kwaso motocin ta zuba a nan. Ba a faɗaɗa filin ba, ba a sake tsarinsa ba. Duk inda aka ga sarari nan aka ajiye kaya.

Wanda bai zauna a nan ba zai ce ai Musulmi ne, dama kana tashi asuba. To, a watan Yuni alfijir yana ketowa a arewacin Ingila tun wajen ƙarfe uku. Barcin da mutum yake komawa bayan salla shi ne rabin barcinsa na dare, kuma shi ne daidai wanda garejin yake cinyewa. Ga gidajen ba na'urar sanyaya ɗaki, in zafi ya zo dole a buɗe taga.

Wanzami da jarfa

Abin da kowa yake fara yi shi muka yi: muka cike takardar koke a shafin ƙaramar hukuma na intanet. Amsa ta zo cewa an miƙa wa sashen da abin ya shafa. Muka sake, aka sake turo amsar, kalma ba ta canza ba. Daga nan mutanen layi suka haɗu suka sa hannu a takarda mai buƙata biyu: ko a kwashe garejin, ko a gina katanga mai tsawo. Ni ma na sa hannu. Yanzu ina ganin takardar nan ita ta ɓata mana kusan rabin shekara, domin abu biyu muka nema waɗanda dukansu sai an kai gaban masu kasafin kuɗi, kuma ba abin da ya fi sauƙin ƙi kamar abu mai tsada.

A Ingila, maganar ƙarar da ta zama cutarwa tana ƙarƙashin Dokar Kare Muhalli ta 1990. Sashe na 79 ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin bincikar koken mazauna, sashe na 80 kuma ya ce in ta gamsu akwai cutarwa, dole ta ba mai laifin takardar umarnin dainawa. Masu wannan aiki su ne jami'an lafiyar muhalli, waɗanda a gida za mu kira duba-gari. Da gidan biredi ne ko masana'anta a bayanmu, da hanya a miƙe take. Amma wata jami'a da ta zo ta zauna a falonmu ta faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana: ba za ta iya ba wa garejin takardar umarni ba, domin ita da garejin ma'aikatan gida ɗaya ne. Tun a 1982, a wata shari'a da ta shafi hukumar birnin Kadif, kotu ta yanke cewa ƙaramar hukuma ba ta iya aika wa kanta irin wannan umarni. Wanzami dai ba ya son jarfa, a nan kuma doka ma ta ce ba shi da ikon yi wa kansa.

Ƙofar da ta rage ita ce sashe na 82. Shi ya ba wanda ake cutarwa damar tafiya kotun majistare da kansa, ba tare da ya bi ta kan ƙaramar hukuma ba. In maganar hayaniya ce, sanarwar kwana 3 a rubuce kawai ake buƙata kafin a shigar da ƙara kotu, saɓanin kwana 21 na sauran nau'o'in cutarwa. Kotu na iya ba da umarnin a daina, har ta ci tara. Sai dai ana ɗaukar zaman a matsayin shari'ar laifi, don haka hujja sai ta zama wadda ba ta bar kokwanto ba. "Ba ma iya barci" ba ta isa hujja ba.

Wani a cikin manyan hukumar ya taɓa cewa a taro, ai garejin ya riga yawancinmu zuwa. Wannan magana ba ta da ƙafa a dokar Ingila. A 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta duba shari'ar Coventry da Lawrence, inda wasu suka sayi gida a 2006 kusa da filin tseren babura na Mildenhall, wanda yake aiki tun shekarun 1970. Kotu ta tabbatar da tsohuwar ƙa'ida cewa "ka zo ka tarar" ba kariya ba ce, kuma samun izinin gini ba lasisin cutar da maƙwabci ba ne. Mun san wannan, sun san mun sani. Amma ba mu je kotu ba, kuma ba don tsoro ba. Alƙali zai iya cewa a rage ƙara, ba zai zo ya nuna wa direba inda zai ajiye mota ba.

Littafin da ya sauya maganar

Jami'ar nan ce ta ba mu shawarar da ta fi kowace amfani. Ta ce mu daina rubuta "hayaniya". Mu rubuta rana, da lokaci har minti, da abin da muka ji, da tsawon da ya ɗauka, da ɗakin da muke, da ko taga a buɗe take. Gida biyar muka yi haka na mako shida. Ni nake tattarawa ranar Lahadi.

Da aka jera, sai abin da muke kira ƙarar gareji ya rabu gida-gida. Kusan duk abin da yake farkar da mutum yana faruwa ne tsakanin biyar da rabi da bakwai saura kwata, kuma abu uku ne: ƙarar ribas, faɗuwar kwandon ƙarfe a kan siminti, da juye kwalabe. Gurnanin injina yana nan, amma ba shi yake tashin mutane ba, shi dai yana hana komawa barci bayan an tashi. Kanikawa kuwa, da bindigar kwance notinsu da kwamfiresonsu, waɗanda muka fi zagi, ashe ba sa fara aiki sai bakwai da rabi. Damuwarsu ta mutum biyu ce kawai masu aikin dare da ke barci da rana.

Wannan ya dace da yadda masana suke aunawa. Ma'aunin da ake amfani da shi ga ƙarar masana'antu da wuraren kasuwanci a Birtaniya sunansa BS 4142, wanda aka sabunta a 2014 aka yi masa gyara a 2019. Ba ya tambayar "ƙarar nawa ce?" kawai, yana tambayar "nawa ta ɗara shirun unguwar?" Ana auna yadda wurin yake in garejin ya yi shiru, a auna shi yana aiki, a ɗebe. Tazarar desibel 5 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) alama ce ta cutarwa, 10 ko fiye alama ce ta cutarwa mai tsanani, gwargwadon yanayin wurin. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aunin ya san kunne ba mita ba ne: ƙara mai fito, irin ta ribas, ana iya ƙara mata har desibel 6 a lissafi, mai zuwa kwatsam kamar faɗuwar ƙarfe, har 9, mai ɗaukewa tana dawowa, 3. Kuma a wajensa dare yana farawa ne daga sha ɗaya zuwa bakwai na safe. Wato duk abin da garejin yake yi kafin bakwai, a lissafi aikin dare ne, ko da rana ta fito tun huɗu da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagoranta na 1999, ta sa desibel 30 a matsayin matsakaicin da ya dace da ɗakin kwana da dare, kuma ta ce ƙara ɗaya tak mai wucewa kada ta haura 45. Lamba ta biyun nan ce tamu. Matsakaici yana iya yin kyau a takarda alhali kwando ɗaya ya tashi layi gaba ɗaya.

Zama da shugaban gareji

Kansilarmu ce ta haɗa zaman, bayan na kai mata littafin a ranar da take sauraron jama'a a ɗakin karatu na unguwa. Ba a ofis aka yi ba. Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka shiga garejin, mu uku daga layi, da ita, da jami'ar lafiyar muhalli, aka ba mu riguna masu ƙyalli. Shugaban garejin mutum ne da ya fara daga ɗaukar shara a bayan mota. Ya karɓe mu fuska a ɗaure, yana jiran a ce masa ma'aikatansa ba su da tarbiyya.

Ni kuwa a safiyar nan na fahimci abubuwan da ban taɓa tunani ba. Motar shara ba ta tashi da an murɗa makulli. Birkinta na iska ne, sai injin ya yi aiki tankin ya cika. Kowane direba wajibi ne ya zagaya motarsa ya duba fitilu da tayoyi da sauran abubuwa kafin ya fita. Suna sammako ne don su gama manyan tituna kafin cunkoso da lokacin kai yara makaranta. Ƙarar ribas kuma ba ado ba ce: hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutuwar da motoci ke jawowa a wuraren aiki lokacin ribas take faruwa. Da muka ce a kashe ta, shugaban garejin ya ce, "Ran da mota ta taka mini yaro, wa zai je ya gaya wa matarsa? Ku?" Ba wanda ya amsa.

Sai dattijuwar nan ta yi tambayar da ta kwance ƙullin. Ta ce, me ya sa suke yin ribas da asuba tun farko? Amsar ita ce, da rana in direbobi sun dawo a gajiye, kowa yana cusa kan motarsa cikin gurbi ya sauka ya tafi gida. Da safe kuma sai an fito da baya. Ta ce to a juya mana: a shiga da baya da azahar, lokacin da duniya take a farke, a fito da gaba da asuba. Ya yi shiru yana kallon filin. Wannan gyara bai ci ko sisi ba, kuma a mako na biyu ya kawar da mafi yawan ƙit-ƙit ɗin asuba. Ashe ma abin da masana tsaron wurin aiki suke so ke nan, a rage ribas ɗin kansa kafin a yi maganar ƙararrawa.

Ribas ɗin da ya zama dole, musamman na katafila, aka sauya masa ƙararrawa. Akwai wani nau'i da ba ya fito, sai dai ya yi "shhh-shhh" kamar ana fesa ruwa. Wanda yake bayan mota yana jin sa sarai, har ya fi gane daga ina yake zuwa, amma ba ya huda bango ya yi nisa kamar mai fito. Kamfanin Brigade na Ingila ya yi suna da shi. Ba a sauya duka rana ɗaya ba. Duk motar da ta shiga hannun kanikawa don sabis sai a ɗaura mata.

Maganar kwanduna ta fi jan lokaci, domin sai da aka kwashe tulin tsoffin alamun titi daga ɗaya kusurwar. Lissafinta mai sauƙi ne. A fili, duk lokacin da aka ninka nisa tsakaninka da abin da ke ƙara, tana raguwa da wajen desibel 6. Kwandunan suna kamar taku ashirin daga tagoginmu. Da aka kai su can ƙarshen fili, nisan ya ninku ya sake ninkuwa, wato ragin wajen 12 ke nan, kuma kunnen ɗan Adam yana jin ragin 10 kamar an raba ƙara biyu. Daɗin daɗawa, rumbun gishiri ya shiga tsakaninmu da su. Aka shimfiɗa katakai masu kauri a inda ake sauke su, don ƙarfe ya daina dukan siminti. Aka kuma rubuta a ƙa'idar aiki cewa ba a juye kwalabe kafin takwas na safe. Kanikawa aka roƙe su su riƙa sauke ƙofarsu in za su yi aiki da bindigar noti. Da sanyi suna yi da kansu. Da zafi, to, sai yadda ta yiwu.

Katangar da muka nema

Ita fa? An kawo masanin sauti daga waje, domin mun ce ba za mu yarda hukuma ta auna kanta ba. Ya hau ɗakin yaranmu, ya tsaya a taga, ya kira ni ya ce in duba. Ina ganin tayoyin motoci har ƙasa. Ya ce katanga ba ta aiki sai ta shiga tsakanin ido da abin da ke ƙara: in da ƙyar ta rufe shi, ragin wajen desibel 5 ne, in ta ɓoye shi ɗungurungum, wajen 10. Katanga mai mita biyu za ta yi wa farfajiya da kicin amfani, amma ɗakunan kwana suna sama, suna leƙen garejin ta kanta. Wadda za ta kare sama sai ta yi tsawon da za ta tare wa farfajiyoyinmu 'yar ranar da suke samu, kuma a Ingila shingen da ya wuce mita biyu sai an nemi izinin gini. Masu cewa a dasa itatuwa ma ya ba su haƙuri: layi ɗaya na bishiyoyi yana rufe ido ne, ba ya rufe kunne.

Abin da aka yi a ƙarshe shi ne aka cire tsohon shingen mai ramuka aka sa na katako mai nauyi, haɗe ba tsaga, har ƙasa. Ya taimaka a zaman farfajiya. Amma da an ba mu shi tun farko kamar yadda muka nema, da hukuma ta kashe kuɗinta ta wanke hannu, mu kuma muna nan muna farkawa biyar da rabi, ba bakin magana tunda abin da muka roƙa aka ba mu.

Akwai wata sanda da muka riƙe ba mu ɗaga ba. Duk mai ajiye manyan motocin kaya a Birtaniya yana da lasisin da ya ambaci wurin ajiyar, ƙarƙashin wata doka ta 1995, kuma kwamishinonin sufuri na iya sake duba dacewar wurin duk shekara 5, su gindaya sharuɗɗa kan lokutan shiga da fita. Maƙwabta na iya aika musu koke. Kwamishinonin nan ba ma'aikatan ƙaramar hukuma ba ne. Na ambaci wannan sau ɗaya a wasiƙa, cikin ladabi, kuma na lura amsar wasiƙar ba ta yi jinkirin 'yan'uwanta ba.

Abin da bai gyaru ba

Yarjejeniyar shafi biyu ce, da lambar wayar da ake kira kai tsaye zuwa ofishin gareji maimakon shafin intanet. Rauninta shi ne rabinta ɗabi'a ce, ita kuma ɗabi'a tana tafiya da mai ita. In aka ɗauko direban wucin gadi daga kamfanin samar da ma'aikata, ba wanda ya gaya masa, sai ya cusa kai da rana ya fito da baya da asuba. Motocin haya da ake kawowa in tasu ta lalace suna zuwa da tsohuwar ƙararrawa. Sau biyu aka sauya mai kula da aikin safe, sau biyu muka koma da littafi. Gurnanin injina na nan, an dai rage shi da aka mayar da gurbin motocin da ke fara fita zuwa kusa da babbar ƙofa. Mutum biyun nan masu aikin dare, ɗaya ya tashi daga layin.

Gishiri kuwa ba mu ma sa shi a takarda ba. Dokar Manyan Hanyoyi ta 1980, bayan gyaran da aka yi mata a 2003, ta wajabta wa hukuma ta yi iya ƙoƙarinta kada ƙanƙara ta sa titi ya zama haɗari, kuma ƙanƙara ba ta duba agogo. Abin da kawai muka samu shi ne, in hasashen yanayi ya nuna za a fita da dare, a yi lodi tun da yamma. In an fita zagaye na biyu kuwa, dole katafila ta tashi. A Janairun da ya wuce, ƙarfe biyu da rabi na dare, na ji cebur ɗinta yana kankarar siminti, fitila mai ruwan lemo tana zagaya silin ɗinmu. Uwargida ta ɗaga kai ta ce, "Su ne?" Na ce su ne. Ta ce, "Gara su watsa, ƙarfe shida zan bi ta gangaren asibiti," ta ja bargo ta rufe kai.